Wasiƙa zuwa ga Edita: Adabin Sifaniya da maganar wai waye Bature

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya fama da jama'a, Allah Ya ƙara basira. Dan Allah ina neman fili a shafin wasiƙu, zan ɗan ja ta da tsawo amma a yi haƙuri da ni, abin ya jima yana ci min tuwo a ƙwarya.

Na lura duk sanda aka tashi maganar adabin Turawa, a jarida ne ko a Facebook, to ba a wuce Ingila, in an yi nisa sosai a leƙa Faransa ko Rasha shikenan an gama da Turai. Sifaniya kuwa ba a tuna ta sai ranar da Madrid da Barsa za su kara, ko in an zo kukan Andalus a ce Musulmi sun yi mulki kusan shekara 800 an kore su, a yi salati a watse. Ni kuma a ɗan karatun da na yi gani nake duk mai son ya gane mene ne ma Turai ɗin, waye Bature, a ina ya samo abin da yake tinƙaho da shi, to littattafan mutanen Sifaniya ya kamata ya fara buɗawa, don a can ne ɗinkin rigar yake a waje, kana ganin zare kana ganin inda aka yi maho.

Bari na faro daga tushe. Bayan Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka a shekarar 711, mawaƙan Andalus sun ƙirƙiro wani salon waƙa da ake kira muwasshaha, a rubuta ta da Larabci ko Ibrananci, amma baitin ƙarshe wanda suke ce wa kharja sai a saka shi da harshen mutanen gari, wato irin Latin ɗin nan da ya narke a bakin talakawa. An yi ɗaruruwan shekaru ba wanda ya gane me ƙarshen waƙoƙin ke cewa saboda da baƙaƙen Larabci da na Ibrananci aka rubuta su, sai a 1948 wani masani Samuel Stern ya zauna ya warware wasu daga ciki, ashe muryar budurwa ce tana yi wa uwarta ko 'yan'uwanta mata kukan habibinta ya tafi. Waɗannan 'yan baitoci suna cikin mafi tsufan waƙoƙin soyayya da aka samu a duk dangin harsunan da Latin ya haifa, kuma a gindin waƙar Larabci aka tsince su.

Haka gwarzon nan da suke ji da shi, wanda waƙarsa ta wajen shekarar 1200 take matsayin uwar waƙoƙin jarumtarsu, sunansa na yanka Rodrigo Díaz amma duniya ta san shi da El Cid, Cid ɗin nan kuwa ba komai ba ne illa Sidi, sayyidi. Da sarkinsa Alfonso na 6 ya kore shi a 1081, wajen sarkin Musulmi na Saragosa ya je ya yi aikin soja shekara da shekaru, ita waƙar ta ɗan kau da kai daga wannan ɓangaren amma duk da haka ta ba shi amini Musulmi da yake amince wa ya yi wa iyalinsa rakiya. Labarin ƙuruciyar wannan mutumin ne wani marubucin Sifaniya ya mayar wasan kwaikwayo, daga nan Corneille na Faransa ya ɗauka ya yi nasa a 1637, yau 'yan makarantar Faransa na haddace shi a matsayin gadon kakanninsu, sunan Larabcin na nan ɗaram a bangon littafin.

Toledo kuwa ai ba sai na ɓata maka lokaci ba, da Kirista suka karɓe ta a 1085 sun tarar da littattafai jibgi guda, masana suka dinga tururuwa daga Italiya da Ingila da sauran wurare suna juya Larabci zuwa Latin, Gerard ɗan garin Kiremona shi kaɗai ya fassara sama da 70, har da ilimin taurari da likitanci. Amma ni abin da ya fi ja min hankali tatsuniyoyi ne. A 1251 aka juya Kalila wa Dimna zuwa Sifaniyanci bisa umarnin yarima Alfonso wanda ya zama Alfonso na 10, labarin da ya taso daga Indiya ya bi ta Farisa ya shiga Larabci ya sauka a Kastila. Sannan a 1335 Don Juan Manuel ya haɗa littafinsa na labaran nasiha, a ciki akwai labarin 'yan damfara uku da suka ce wa wani sarki za su saƙa masa yadin da ɗan halak kaɗai ke iya gani, kowa a fada ya kama baki ya yi shiru don kar a ce masa shege ya rasa gado, sarki ya hau doki tsirara ya fito gari, sai wani baƙar fata mai kula da dokin sarki, wanda ba shi da gadon da zai rasa, ya ce ranka ya daɗe ko dai ni makaho ne ko kai tsirara kake. Shekara 500 bayan nan, a 1837, Andersen na Denmak ya sake rubuta shi ya cire maganar shegantaka ya mayar da mai kula da dokin ƙaramin yaro, yanzu duk duniya ta ɗauka tatsuniyar Turawan arewa ce.

To sai shekarar 1492, wadda komai ya haɗu a cikinta kamar an shirya. A Janairu Garnaɗa ta faɗi, a shekarar aka kori Yahudawa, a shekarar Kolombus ya tsallaka teku, kuma a shekarar dai Nebrija ya fitar da nahawun Sifaniyanci yana gaya wa sarauniya Isabel cewa harshe abokin tafiyar mulki ne. Daga nan aka shiga aikin wanke ƙasa, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin Garnaɗa, aka tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, a 1567 aka hana magana da Larabci kwata kwata, tsakanin 1609 da 1614 aka kwashe jikokinsu da ake kira Morisko wajen mutum 300,000 aka tsallakar da su. Ga inda abin ya taɓa min zuciya Malam Edita, waɗannan bayin Allah da yawansu Larabcin ya riga ya kuɓuce musu, Sifaniyanci suke ji, sai suka dinga rubuta Sifaniyancin da baƙaƙen Larabci, ƙissar Annabi Yusuf, addu'o'i, hukuncin alwala da sallah, har da magunguna. Sunan wannan rubutu a wajensu aljamiado, daga kalmar al'ajamiyya, wallahi ajami dai da ka sani. Da za a kore su sai suka ɓoye littattafan a bango da ƙarƙashin daɓe, a 1884 ana gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonacid de la Sierra a yankin Aragon sai ga tarin littattafai a ƙarƙashin katakon ɗaki. Wannan ma adabin Sifaniya ne, a Turai aka rubuta shi da harshen Turai, ko da kuwa an daɗe ba a saka shi a lissafi ba.

Kar kuma a ce na karkata gefe guda, aro ta kowace kusurwa suka yi. A 1526 a wannan Garnaɗar dai jakadan Benis, Andrea Navagero, ya ba mawaƙi Boscán shawarar ya gwada awon waƙar Italiya da Sifaniyanci, shi da abokinsa Garcilaso suka gwada abin ya karɓu, daga nan waƙar Sifaniya ta sauya kama gaba ɗaya. Littattafan masani Erasmus na Holan ma sun samu karɓuwa sosai a ƙasar kafin kotun binciken aƙida ta coci ta rufe musu ƙofa.

Yanzu na zo kan mai gayya mai aiki, Cervantes. An haife shi a 1547, soja ne, ya yi yaƙin ruwa na Lepanto da Daular Usmaniyya a 1571 inda harsashi ya kashe masa hannun hagu, a hanyar komawa gida aka kama shi ya yi shekara 5 a tsare a birnin Aljas, 1575 zuwa 1580, sau huɗu yana yunƙurin gudu ana kamo shi. Wannan mutumin shi ya rubuta Don Kihote, kashi na farko 1605 na biyu 1615, littafin da Turawa da kansu ke cewa shi ne mafarin ƙagaggen labari irin na zamani. Labarin wani dattijo ne da karatun littattafan jarumai ya juya masa kai, ya ɗauko tsofaffin kayan yaƙin kakanni ya hau rangwamemmen doki ya ja maƙwabcinsa Sancho a kan jaki wai za su gyara duniya, ya ga injin niƙa mai aiki da iska ya ce ƙato ne ya kai masa sura.

Amma ka buɗe babi na 9 ka sha mamaki. Ana tsakiyar faɗa takubba a sama sai mai ba da labari ya ce wai takardunsa sun ƙare bai san yadda aka kwashe ba. Rannan yana yawo a kasuwar Toledo sai ga wani yaro ya kawo tsofaffin takardu zai sayar wa mai siliki, ya duba ya ga rubutun Larabci ne, ya nemo wani Morisko ya karanta masa, mutumin na buɗawa ya ƙyalƙyale da dariya saboda an rubuta a gefen shafi cewa Dulcinea, gimbiyar da Don Kihote ke mutuwar so, duk yankin Mancha babu macen da ta kai ta iya sa wa naman alade gishiri. Nan take ya saye takardun da rabin riyal, ya kai Moriskon gidansa ya fassara masa cikin wata ɗaya da rabi, ladansa busasshen inabi da alkama. Sunan marubucin asali wai Cide Hamete Benengeli, masanin tarihi Balarabe, Sidi Hamid kenan. Wato littafin da Turai ke kira uban littattafanta, da bakinsa yake cewa ni fassara ce daga Larabci. Eh wasa ne Cervantes yake yi, ba wani Sidi Hamid a zahiri, har ma mai ba da labarin yana zolayar cewa a yi hattara da shi don mutanensa maƙaryata ne, amma ka tambayi kanka me ya sa a ƙasar da riƙe takardar Larabci kan iya kai mutum gaban kotun coci, marubuci zai zaɓi wannan wasan.

A kashi na biyu kuma, wanda ya fito ana gama korar, Sancho ya gamu da wasu mabarata 'yan ziyara daga Jamus a hanya, ɗaya ya rungume shi, ashe Ricote ne mai kanti maƙwabcinsa, Morisko da aka kora ya saɗaɗo ya dawo a ɓoye zai tono dukiyar da ya binne. Suka zauna a kan ciyawa suka ci suka sha, 'yan ziyarar har da ƙasusuwan alade da salkunan giya a jaka, shaidar da ake nunawa kenan a lokacin cewa kai ba Musulmi ba ne. Ricote ya yabi hukuncin sarki, ya ce daidai ne, sannan a numfashi guda ya ce duk inda suke kukan Sifaniya suke yi don a nan aka haife su. Masana har yau suna jayayya ko yabon na gaske ne ko habaici, ni dai duk sanda na karanta wajen nan jikina sanyi yake yi. Kuma dan Allah masu saurin cewa ai namu ne su dakata, Cervantes Kirista ne ɗan Katolika da yake alfahari da hannun da ya rasa a Lepanto har ya mutu a 1616, abin da kawai ya ƙi yi shi ne ya yi kamar maƙwabcinsa bai taɓa zama a unguwar ba.

Kafin ka ce kwabo littafin ya zaga, Turancin Ingila 1612, Faransanci 1614, Henry Fielding a 1742 ya rubuta ɓaro ɓaro a shafin farko na littafinsa cewa salon Cervantes yake kwaikwayo, a 2002 kuma da aka tambayi marubuta 100 daga ƙasashe 54 a wata ƙuri'a a Norwe, Don Kihote ne ya zo na ɗaya. Ga Lazarillo na 1554, labarin yaro ɗan jagoran makaho mai rayuwa da wayo da yunwa, wanda ya haifar da zuriyar labaran 'yan duniya a Jamus da Faransa da Ingila. Ga Don Juan mayaudarin mata, daga dandalin wasan Sifaniya ya fito kafin Molière ya ɗauka a 1665 Mozart ya sa masa kiɗa a 1787.

To duk da wannan, ka san me? A 1782 wani Bafaranshe Masson de Morvilliers ya rubuta a wani kundin ilimi yana tambaya wai me Sifaniya ta taɓa tsinana wa Turai. Daga baya aka samu karin maganar rainin wayon nan cewa wai Afirka daga duwatsun Firenis ta fara, ma'ana kana tsallaka iyakar Faransa ta kudu ka bar Turai. Zagi biyu ne a dunƙule, an zage su an zage mu, kuma abin haushin shi ne 'yan bokon Sifaniya da yawa ɓangaren da ya shafe su kaɗai ya yi musu ciwo. Matafiyan Faransa da Ingila suka mayar da ƙasar wajen kallo, 'yan rawa da masu wasa da bijimi da mata masu wuƙa a ƙugu, su kuma Jamusawa a lokaci guda suna fassara wasannin Calderón suna sambatu a kansu.

Da Amurka ta lallasa su a 1898 Kuba da Fotoriko da Filifin suka suɓuce, sai marubutansu suka shiga tambayar kansu mu su waye. Ortega y Gasset a wata lacca a Bilbao a 1910 ya ce Sifaniya ce matsalar Turai ce maganin, yana nufin kimiyya da tsari da jami'o'i irin na Jamus inda ya yi karatu. Unamuno kuwa, wanda da farko shi ma ɗan a buɗe tagogi ne, ya juya ya ce su can su yi ta ƙirƙire ƙirƙirensu, har yana maganar a maimakon a Turantar da Sifaniya gara a Sifaniyantar da Turai, Don Kihote ya riƙe kamar wani waliyyi. Bayan yaƙin basasar Sifaniya aka sake sabon zagaye tsakanin masana biyu da dukkansu ke gudun hijira, Américo Castro a 1948 ya ce Basifaniye bai wanzu ba sai da Kirista da Musulmi da Bayahude suka cakuɗu suka gwabza, Sánchez-Albornoz ya mayar masa da martani a 1956 da ƙatuwar mujalladi biyu cewa a'a, halin Basifaniye ya girmi zuwan Larabawa. Ni a wannan rigimar ina bayan Castro duk da ya yi zuzutawa a wasu wuraren, dalilina kuwa harshen da kansa, akwai kalmomi wajen 4,000 masu asali da Larabci a Sifaniyanci, magajin gari alcalde suke ce masa, alƙali kenan, sukari azúcar, man zaitun aceite, in za su yi fatan alheri su ce ojalá wanda asalinsa ambaton Allah ne da nufinSa.

Mawaƙi Lorca ɗan Garnaɗa ne, a ƙarshen rayuwarsa ya haɗa diwani ya raba waƙoƙin gida biyu, gazal da ƙasida, da sunayensu na Larabci, bai ga fitowarsa ba aka harbe shi a watan Agustan 1936. Mawaƙi Antonio Machado ya tsallaka Firenis ɗin nan cikin ayarin 'yan gudun hijira da tsohuwar mahaifiyarsa, ya rasu a wani ƙaramin garin Faransa a Fabrairun 1939, ita ma ta bi shi bayan kwana 3. Janar Franco, wanda ya yi nasara a yaƙin basasar, ya riƙe ƙasa har 1975 yana cika baki cewa shi ne mai gadin Yammacin duniya na Kirista, alhali da sojojin Maroko ya ci yaƙin, Turai ɗin kuma ta bar shi a bakin ƙofa, sai a 1986 Sifaniya ta shiga ƙungiyar tarayyar. Marubuci Juan Goytisolo bai yarda cewa shigar ta rufe maganar ba, ya tare a Marrakesh, ya karɓi kyautar Cervantes ta 2014, ya rasu a 2017 aka binne shi a Larache can Maroko.

Kuma fa ko a cikin gida adabin ba harshe ɗaya ba ne, akwai Katalan da Galisiyanci da Baskanci, kowanne da marubutansa, Franco ya danne su bai iya kashe su ba. A waje kuma yawancin masu Sifaniyanci yau ba a Turai suke ba, Meziko kaɗai ta ninka Sifaniya yawan jama'a, mutumin da ya sabunta musu waƙa a ƙarshen ƙarni na 19 Rubén Darío ɗan Nikaraguwa ne, a Ikwatoriyal Gini ma ana rubuta adabi da harshen.

Ga tambayar da zan bar wa malamanmu masu karanta wannan shafi. Ibnu Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi, Jaén ta yau. Alfazazi mai Ishiriniya haifaffen Ƙurɗuba ne. Ƙurɗubi mai tafsiri sunansa ma ya faɗa, Shaɗibi na ƙira'a daga Shaɗiba kusa da Balensiya. Ibnu Rushdi wanda jami'o'in Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta Aristotle ta bakinsa, har Dante mawaƙin Italiya ya ba shi wuri cikin manyan masana a waƙarsa, shi ma ɗan Ƙurɗuba ne. A taswira duk waɗannan garuruwa a Turai suke, to su Turawa ne ko ba Turawa ba? In an ce a'a saboda addini da harshe, to an yarda kenan Turai ba ƙasa ba ce zaɓi ne da wasu suka zauna suka yi, suka shigar da wane suka fitar da wane, kuma an san shekarun da aka yi shi.

Roƙona Malam Edita, a shafin adabi a ɗan dinga leƙa wannan ɓangaren ko da sau ɗaya a wata ne, kuma cikin ɗalibanmu da suka karanci Sifaniyanci a samu mai himma ya juyo mana ko da babi na 9 ɗin nan da na Ricote zuwa Hausa ku buga mana kashi kashi, in ya so mu ma mu ji abin da ya ba Moriskon nan dariya a kasuwar Toledo. Na gode da fili, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai bibiyar shafin adabi